Finjalin da Na Ajiye a Zauren Abu Nayif

Akaba, ƙasar Jodan
14 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga maiɗakina Awatif, Ummu Hamdi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Hamdi da matarsa da yara. Yaya jikin Inna? Tana ɗan taɓa abinci kuwa? Ke kuma yaya ciwon gwiwar? Ni dai alhamdu lillahi na sauka lafiya jiya da azahar, ba abin da ke damuna sai gajiya da kewarku.

Ki yi dariya in kin ga dama. Shekara talatin da ɗaya ina raba wa mutane wasiƙu a ƙauyuka biyar, ni da kekena, zafi da sanyi, amma wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubuta miki. Sai da na ɓata takarda biyu kafin na kamo bakin zaren. Ashe ɗaukar maganar wani a jaka ya fi sauƙi a kan mutum ya faɗi tasa.

Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Nuwaiba cike yake maƙil da mutanenmu masu zuwa neman aiki. Kowa da gwangwanin cuku da ƙunshin busasshen lalo, sai ka ce ƙasar da za mu ba a dafa abinci. Na zauna kusa da wani magini mutumin Asyut, ya ce shekararsa goma sha huɗu yana wannan kai da kawowa. Na tambaye shi ina ya fi jin daɗi, can ko gida. Ya ce, "Baffa, a can sunana ɗan Masar, in na koma gida kuma sunana ɗan Jodan. 'Yan awoyin nan na kan ruwa ne kawai nake Abdul'al." Ya kwashe da dariya, ya miƙo mini dafaffen ƙwai. Ni ban iya dariyar ba, don Sabir ne ya faɗo mini a rai.

Na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin ƙanena, Sabir ɗan Abdurradi daga Suhaj, dogo, siriri, mai yawan dariya. Ya ce yaushe rabona da shi? Na ce shekara ashirin da ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baffa, ai siririn ya yi tumbi, mai dariyar kuma ya daina. Ba ni wata alamar." Ummu Hamdi, ƙanena ciki ɗaya, ba ni da wata alama tasa sai wadda shekaru suka riga suka share.

Kina wurin ranar da zan taso, lokacin da Inna ta riƙe hannun rigata ta ce, "Shahata, idona ya tafi, ban ce ka kawo mini shi in gan shi ba, muryarsa nake so in ji." Kin kuma ji likita da ya ja mu gefe ya ce da wuya zuciyarta ta kai ƙarshen sanyin bana. Maganganun nan biyu su suka rako ni har nan.

Ki karanta mata wasiƙar nan iyakar labarin ƙwai, ki tsallake saura. Ki ce mata gobe in Allah ya kai mu zan hau mota zuwa Karak, kuma ina da hanyar da zan bi. Ki tuna wa Hamdi ya riƙa ba tayoyin kekena iska, kada su tsage.

Ki gaishe mini da kowa da sunansa. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita.

Mijinki mai kewarki,
Shahata Abdurradi

Karak
20 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Ummu Hamdi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun wayi gari lafiya. Yaya mai jiki? Yaya haƙuri da ita da rashina? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gyambon cikin nan ya motsa, amma na samu magani.

Kwanana biyar a Karak. Garin a kan dutse yake, duk inda ka nufa hawa ne, har na fara zargin gangararsu a wani gari suka ajiye ta. Na sauka a saman gidan burodin wani mutumin Tanta, Usta Zainhum, wanda ya karɓe ni hannu bibbiyu tun kafin in gama faɗin sunana. Yau Juma'a bayan an sauko, 'yan Masar suka taru a bayan tanderunsa, aka ci wake da albasa, aka zagi sanyin garin, aka yi ta yabon Nilu kamar su suka haƙa shi. Kowa ka taɓa, baɗi zai koma gida. Zainhum ya ce shi ma baɗi ne in sha Allahu, sai matarsa ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Baɗin nan tun ina da cikin Samiya ake yin sa, ga Samiya nan da 'ya'ya biyu!"

Mutanen ƙasar kuwa maganarsu kaɗan ce. Ka yi musu tambaya mai tsawon kamu goma su ba ka amsa kamar ɗan yatsa, amma sai sun raka ka har ƙofar da ka tambaya. Wani tsoho mai sayar da inabi ya ce mini, "Ku 'yan Masar in kun fara gaisuwa sai rana ta faɗi." Na ce, "Ku kuma in kuna gaisuwa sai mutum ya zo rabon faɗa." Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ja ni gidansa cin abincin rana, bai ma tambayi sunana ba.

A cikin 'yan Masar ba wanda ya san Sabir. Wanda ya san shi mutumin Sudan ne, Dakta Bushara, mai kantin maganin da na je sayen na cikina. Shekararsa ashirin da shida a garin. Akwai wani akwati a saman durowarsa, ya ce a shirye yake tun shekarar da ya zo, yakan sauko da shi ya kakkaɓe ƙura ya mayar. Da na ambaci ƙauyen Rujum da gidan Abu Nayif, sai ya cire tabarau ya ce, "Abu Yasin kake nema. Shi ke zuwa karɓar wa tsohon maganin hawan jini. Shi ke riƙe da gonar zaitun ɗinsu, yana da mata da 'ya'ya. Amma in gaya maka gaskiya, mutumina, ba ya shiga cikin 'yan Masar, in ya ji harshenku a layi ma sai ya canza hanya."

Ummu Hamdi, yana raye. Sai da Bushara ya ba ni kujera.

Da na dawo hayyacina ya tambaye ni yadda aka yi na san sunan ƙauyen da na mai gidan, alhali na ce shekara ashirin da ɗaya ba mu da labarinsa. Na ce masa abin da na ce miki, wai wani da ya dawo daga aiki ne ya faɗa mini. Ya mayar da tabarau ya dube ni ta samansa. Tun daga lokacin na kasa sukuni, shi ya sa na zauna rubuta miki wannan. Daga nan kada ki karanta wa Inna, kada kuma Hamdi ya gani.

Kin san yadda Sabir ya bar gida. Ya saki saniya cikin ɗanyar ciyawa da raɓa, cikinta ya kumbura ta mutu, Baba ya mare shi a tsakiyar kasuwa a gaban mutane, washegari aka nemi yaro aka rasa. Abin da ba ki sani ba shi ne, bayan wata takwas wasiƙarsa ta zo gidan waya da sunan Inna, ta faɗo hannuna. Da gudu na kai wa Baba ina murna. Ya ce in ƙona ta, kuma in na kuskura Inna ta ji, bai yafe mini ba duniya da lahira. Ban ƙona ba, ban kuma bayar ba. Guda bakwai suka zo cikin shekara huɗu, duka na zuba su a gwangwanin da nake ce miki takardun aiki ne. Ko ɗaya ban buɗe ba, a bayan ambulan na ga sunan ƙauyen.

Na san abin da za ki ce: to bayan rasuwar Baba fa? Shekara goma sha biyar ke nan, ba mai hana ni. Kunya ce, Awatif, ba wani abu ba. Kullum sai in ce gobe, goben ta yi ta nisa har na rasa ta inda zan fara. Ina ji Inna tana cewa yaron nan ko layi ɗaya bai iya rubuto mata ba, ina zaune ina shan shayi, gwangwanin yana ƙarƙashin gadonmu. Mutanen ƙauyuka biyar suna cewa wasiƙa ba ta taɓa ɓata a hannun Shahata ba, ni kuma ina karɓar yabon.

Suna nan cikin jakata. Bushara ya ba ni shawara in je a matsayin baƙo mai wucewa, don a al'adarsu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya kwana uku. Cikin kwanakin nan sai in samu Sabir shi kaɗai a gona. Ba zan ɓoye miki ba, niyyata in gaya masa Inna ba lafiya kawai, in ya tambayi wasiƙu in ce ba su iso ba. In wani abu ya taso ku bugo telegiram ta kantin Dakta Bushara, adireshin yana bayan takardar nan.

Ki yafe mini in za ki iya. Ki shafa mini kan Inna.

Mijinki,
Shahata

Ƙauyen Rujum
24 ga Oktoba, 1995

Zuwa ga Ummu Hamdi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai jin nauyi, da fatan ke da yara kuna lafiya, Inna kuma Allah ya sa da sauƙi. Ban san da wace fuska kika karanta wasiƙata ta baya ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ya faru sai ke.

Shekaranjiya bayan la'asar na iso. Zauren Abu Nayif dogon ɗaki ne da katifu a jikin bango, na tarar da dattawa kamar goma suna zaune. Shi kansa tsoho ne ƙanƙani, gemunsa fari fat, muryarsa kuwa kamar ta mutum uku. Ya miƙe da ƙyar ya tarbe ni, ya zaunar da ni a damansa, bai tambaye ni komai ba, kamar yadda Bushara ya faɗa. Na ce a raina, lallai dabara ta yi.

Sai mai zuba gahawa ya zo, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu, da jan rawani irin nasu ya sauko har gira, buta a hagu, finjalai a dama. Ya zuba mini ɗan kurɓi a gindin finjali, wanda ko kaza ba zai isa ba. Kin san mu, in an kawo gahawa ajiye ta ake yi ta huce, a yi hira, a riƙa kurɓa a hankali. Ga cikina kuma ba komai tun safe, gyambo yana cizo. Sai na ce na gode, na ajiye finjalin a ƙasa a gabana, na juya zan ci gaba da yabon hanyar garinsu.

Wani tsoho da ke jan carbi ya tsaya cak. Mai butar bai matsa ba, yana tsaye a kaina. Na duba rigata ko wani abu ne ya zube. An ce baƙo ko da idonsa makaho ne, ranar na yarda.

Abu Nayif ya gyara zama ya ce, "Baƙo, gahawarmu tana da aibi ne?" Na ce wallahi ko kusa. Ya ce, "To faɗi buƙatarka. Ba a ajiye finjali a zauren nan a tashi ba a ji dalili ba. Jini ne, ko aure, ko wani ya zalunce ka?"

Daga baya aka fahimtar da ni. A wurinsu wanda ya ajiye finjali bai sha ba, yana nufin ya zo da magana mai nauyi, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. Gahawar ta huce a ƙasa abin kunya ne ga mai gida da danginsa duka. In na sake haɗuwa da Bushara zan yi masa ƙorafi, amma na san zai riƙe ciki yana dariya ya ce, "Na gaya maka komai ban da wannan, don ban zaci akwai mai furfurar da bai sani ba."

Ina iya cewa kuskure ne, ina da ciwon ciki, a yi dariya a wuce. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma mutum goma sun zuba mini ido suna jiran magana mai nauyi, ni kuma ina da ita, shekara ashirin ina ɗauke da ita. Sai na ji bakina yana cewa, "Sunana Shahata ɗan Abdurradi daga Suhaj. Ƙanena nake nema, Sabir, wanda kuke kira Abu Yasin. Mahaifiyarmu tana gargara, muryarsa take so ta ji."

Ba wanda ya dube ni. Duka suka ɗaga kai suka dubi mai butar.

Awatif, ƙanena ya tsaya a gabana, ya zuba mini gahawa da hannunsa, na ce masa na gode kamar yadda ake ce wa kowa. Shi tun shigowata ya gane ni. Na yunƙura zan tashi, ya ja da baya taku ɗaya. Da ya yi magana, da harshensu ya yi, ba namu ba, kuma ba ni ya kalla ba, tsohon ya kalla.

Ya ce, "Baffa Abu Nayif, ka san ranar da na zo gidan nan ba ni da ko takalmi. Ka kuma san wanda ya riƙa kai ni gidan waya a bayan jakinsa, kai ne. Sau bakwai na rubuta wa matar nan. Na gaya mata ina kwana a garke, na gaya mata na yi zazzaɓi har an fidda rai, na gaya mata zan yi aure. Ko gaisuwa ba ta aiko ba. Uban da ya mare ni na yafe masa, zafin saniyarsa ne. Ita me na yi mata? Uwata ita ce matarka Ummu Nayif, ita ta yi jinyata, kuma na binne ta da hannuna. Ba ni da wata uwa a Masar."

Kin ga inda dabarata ta kai ni. In na ce wasiƙu ba su iso ba, ba zai yarda ba, ya san wanda ke raba su. In na yi shiru, Inna za ta mutu da laifin da ba nata ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na jawo jakata, na kwance igiyar da haƙori. Na jera su bakwai a kan tabarma kusa da finjalin, kowace a liƙe kamar yadda ya liƙe ta. Na ce, "Ba ta taɓa sanin ka rubuto ba. Ga su nan. Baba ya hana ni shekara shida, sauran shekarun ni na hana kaina. Har yau in an dafa lalo sai ta ce a rage na Sabir."

Sabir ya durƙusa, ya ajiye butar, ya ɗauki ɗaya ya juya bayanta, ya ga rubutunsa na yaro. Ya shafa bakin ambulan da babban yatsa, yana neman inda aka buɗe, bai samu ba. Na so ya zage ni, na so ya rama marin Baba a fuskata, da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tattara su ya sa a ƙirjin rigarsa ya fita.

Abu Nayif ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Na ga an ajiye finjali a ɗakin nan saboda jini, saboda iyakar gona, saboda neman aure. Yau na fara ganin wanda ya ajiye shi don ya kawo ƙarar kansa. Ɗan Masar, Abu Yasin ba akuyata ba ne da zan kama in ba ka. Abin da ke hannuna shi ne gidana, ka zauna har ya ba ka amsa. Finjalin nan kuwa daga hannunsa ya fito, shi zai ce ka sha." Ya sa aka ɗauke shi da gahawar a ciki aka ɗora a kan taga.

Kwana biyu ke nan. Ana kawo mini shinkafa da nama daga gidan Sabir, amma shi ban sa shi a ido ba sai daga nesa, a kan tsani cikin itatuwan zaitun, don lokacin tsinka ne. Babbar 'yarsa ta kusa aure, kuma sunanta Nabawiyya. Mutumin da ya ce ba shi da uwa a Masar, sunan Inna ya sa wa 'yarsa.

Ki ce wa Inna na same shi, yana lafiya, yana da iyali. Kada ki ce mata yana zuwa, don ban sani ba. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Shahata

Ƙauyen Rujum
2 ga Nuwamba, 1995

Zuwa ga Ummu Hamdi, abokiyar zamana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ku. Ina gaishe ki, ina gaida Hamdi da mutanen gida, ina kuma yi muku sannu da jinya.

Saƙon Hamdi ya iso jiya. Dakta Bushara da kansa ya rufe kanti ya hau mota ya kawo shi: Inna ta daina cin abinci, a hanzarta. Na juya takardar ko akwai kalma ɗaya daga gare ki, babu. Ban ga laifinki ba.

Kwana goma ina bin masu tsinkar zaitun ina tsince wanda ya zuba, ba wanda ya sa ni, zaman ne ya gagare ni. Sabir yana wucewa ta gefena kamar ya wuce kututture. Jiya na tare shi a gindin tsani na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ninke, ya hau tsaninsa ya ci gaba da aiki. Na ce shi ke nan, na kashe Inna da hannuna.

Yau da hantsi ina zaure tare da Abu Nayif sai ga shi da buta. Ya ɗauko finjalin nan daga taga, ya watsar da tsohuwar gahawar a waje, ya ɗauraye, ya zuba sabuwa, ya tsaya a gabana bai miƙo ba. Wannan karon da harshenmu na Suhaj ya yi magana, yana ɗan tuntuɓe kamar mai tafiya da takalmin aro.

Ya ce, "Zan je. Fasfona yana nan, duk lokacin da ya mutu sai na je Amman na sabunta shi, ban san don me ba. Amma ba tare da kai ba, Shahata. Ba zan iya zama kusa da kai a mota da jirgi ba, ban kai nan ba tukuna. Kuma saura mako uku a gama tsinka, ban taɓa barin tsohon nan da zaitun a kan itace ba. Kai za ka zauna a madadina, ɗana Yasin zai nuna maka aikin. Ka zauna nan ka jira wasiƙa, ka ji yadda ake ji."

Abu Nayif ya ce, "Kai Abu Yasin, ka ji tsoron Allah, shi ma uwarsa ce. Zaitun ɗin banza, ya ruɓe mana!" Na ce masa ya bari, hukuncin ya yi daidai. Na karɓi finjalin na shanye, ɗaci kamar maɗaci, har yanzu cikina yana ƙuna.

Na san abin da na karɓa, Awatif. Shekara hamsin da shida ban taɓa yin wata guda ban ga Inna ba, kuma mai yiwuwa ne ranar da ta riƙe hannun rigata ita ce ta ƙarshe. Ina rubutun nan ina share ido. Amma ni na sha muryarta har na ƙoshi, kuma da rabonsa na haɗa na sha. Bai kira ni Yaya ba, ban kuma sa rai ba. Da zai fita dai ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Kada ka hau tsani, ka tsufa. Ka tsaya a ƙasa."

Wannan wasiƙar ba ta da kan sarki, don wanda ya miƙo miki ita shi ne Sabir. Kada ki tsaya kallonsa kina neman yaron da kika sani. Kada ki tsayar da shi da ruwa ko abinci, ki kai shi ɗakinta kai tsaye, kuma kada ki ce mata ga wane, ki bari ya yi sallama da kansa. Wasiƙun suna ƙirjinsa, ya ce shi zai karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Za ta tambayi inda suka kwana shekara ashirin. Ku gaya mata gaskiya, kada ki kare ni. In ta samu ƙarfin yafe mini, alhamdu lillahi. In ba ta samu ba, kada ku matsa mata.

Abu ɗaya nake roƙonki. Duk abin da ya faru, mai daɗi ko mara daɗi, ki rubuto mini, ko layi biyu ne, ko da fushi ne. Motar gidan waya tana zuwa ƙauyen nan Litinin da Alhamis, zan riƙa tsayawa a bakin hanya.

Allah ya sada mu da alheri. Ki sumbaci hannun Inna a madadina.

Mijinki mai jiran amsa,
Shahata Abdurradi, Abu Hamdi